Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Hukumar ARCEP: A Yi Wa Sunayen Intanet Na Nijar Ma'ajiya Ta Biyu

Ranku ya daɗe, ina rubuto muku ne daga Olelewa ta gundumar Tanut, a ƙasar Damargu, kan wani aiki da ido ba ya gani amma harkar sadarwa duka ta dogara da shi: na'urorin da ke riƙe da sunayen shafukan intanet, waɗanda ma'aikata ke kira DNS. Roƙona shi ne ku wajabta wa duk mai sayar da intanet ko mai ajiye shafukan jama'a a Nijar ya kasance yana da ma'ajiyar sunaye ta biyu nesa da ta farko, kuma ku fayyace yadda za a yi mata farashi.

Kwamfuta da lamba take gane 'yar'uwarta. Idan mutum ya rubuta sunan wani shafi, wayarsa sai ta tambayi wata uwar garke lambar da sunan ke nufi, kafin ta san inda za ta dosa. Paul Mockapetris ne ya tsara wannan hanya a 1983, kuma tun daga farko an gina ta ne a kan cewa kowane suna yana da uwar garke fiye da ɗaya. Ta farko ita ake rubuta wa canji, sauran suna kwafa daga gare ta, kuma kowace cikinsu tana iya ba da amsa. Ƙa'idar RFC 2182 ta 1997 ta ba da shawarar a samu uku, kuma kada su haɗa gari ɗaya ko layin sadarwa ɗaya. Manomin Damargu ya san hikimar: ba ya jingina rumbunsa duka da katangar gida, don kada gobara ɗaya ta cinye ɗaki da hatsi.

A nan karkara, idan wannan aiki ya tsaya, ba wanda ke kiransa da sunansa. Ranar kasuwa a Bakin Birji, tsohuwa ta zo karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko daga ci-rani. Wayar mai shagon aike tana nuna sanduna cike, amma shafin ya ƙi buɗewa. Ya kashe wayar ya kunna, ya sauya sim, ya fita bakin titi ya ɗaga ta sama, a ƙarshe ya ce mata, "Inna, babu rezo, sai gobe." Eriya tana aiki, na'urar da ke riƙe da lissafin kuɗin tana raye, sunan ne kawai ya rasa mai amsa shi. Ita kuwa ta biya kuɗin amalanke zuwa da komawa, kuma ba ta yi cefane ba. Cikin wannan ƙaramar hukuma tamu ta Olelewa matatar mai ta SORAZ take, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Yankin da ke ɗauke da irin wannan dukiya, da direbobin tanka da 'yan kasuwar hanyar Damagaram zuwa Agadas, ya cancanci sadarwar da ba ta rataye a kan na'ura guda a birni guda ba.

Manyan kamfanonin duniya ma sun sha wannan. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka yi wa kamfanin Dyn na Amurka ruwan tambayoyin bogi, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɓace wa miliyoyin mutane, domin sun damƙa sunayensu a hannu ɗaya. Ranar 4 ga Oktoban 2021, kuskure a cikin gidan Facebook ya toshe hanyar zuwa na'urorin sunayensa, shi da WhatsApp da Instagram suka yi shiru wajen awa shida. Mu kuma namu haɗarin ya fi nasu. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma girgizar ta iso mu. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka shafe watanni ana fama da janareta.

Lalacewar igiyoyin da yanke wutar sun nuna cewa kwafi biyu ake buƙata bayan na farko. Ɗaya a ƙetare, domin idan wuta ko layi ya yanke a Yamai, duniya ta ci gaba da sanin muna nan, saƙonnin imel su jira a layi maimakon a mayar da su. Ɗaya kuma a cikin gida amma ba a Yamai ba, domin idan hanyar waje ta katse, mutumin Tanut ko Belbeji ya iya samun shafin ma'aikata ko na banki da ke ƙasarsa. Damagaram ta dace da wannan: wutarta ta layin Katsina take zuwa, ta Yamai kuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma shirin igiyar sadarwa ta ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyinsa ya haɗa da reshen da ya tashi daga Damagaram zuwa iyakar Najeriya ta Magarya. Sunan ƙasa kansa, wato .ne, wanda aka damƙa wa SONITEL kafin ta haɗe da SahelCom a 2016 su zama Niger Telecoms, shi ya fi cancantar a fara ajiye kwafinsa a can.

Kafa na'urar ba shi ne wahala ba, kula da ita ne. Kowane kundin sunaye yana da lambar juyi. Idan ma'aikaci ya yi gyara ya manta bai ƙara lambar ba, ta biyu za ta ci gaba da ba da tsohuwar amsa ba wanda ya sani. Akwai kuma wa'adi, galibi mako biyu zuwa huɗu, wanda idan ta biyu ta cika shi ba ta ji daga ta farko ba, sai ta daina amsawa ɗungurungum. Sau da yawa ranar da ta farko ta mutu ake gano ta biyun ta daɗe da mutuwa. Saboda haka dokar ta ƙunshi gwaji: a riƙa kashe ta farko da gangan lokaci-lokaci a ga ko ta biyu ta ɗauka, a kulle kwafar kundi da mabuɗin sirri na TSIG, kuma kowane kamfani ya ba ku sunan wanda za a kira cikin dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun kuɗi. Aikin ba mai tsada ba ne. Kamfanin Amazon yana karɓar rabin dalar Amurka a wata kan kowane kundi, wajen sefa 300, da santi 40 kan tambaya miliyan ɗaya. Abin da ke hana ƙananan 'yan kasuwarmu shi ne biya da kuɗin waje ta katin banki, da kuma lissafi kan yawan tambaya, wanda ke sa wanda aka kai wa hari shi ne kuma zai biya kuɗin harin. Ina ba da shawarar farashi tsayayye kan kowane suna a shekara, da sefa, a wallafa shi kowa ya gani, da ragi ga mai sunaye da yawa. Makarantu, asibitoci da ofisoshin magadan gari a ɗauke musu, a biya daga asusun isar da sadarwa ga kowa. Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms kuma a ƙarfafa musu su riƙe wa juna kwafi bisa yarjejeniya rubutacciya.

Ƙungiyoyi irin su RIPE NCC da Packet Clearing House da AFRINIC sun daɗe suna riƙe wa ƙasashe masu tasowa kwafin sunayensu kyauta, kuma sun cancanci godiya. Amma shari'o'in da suka dabaibaye AFRINIC a Morishus, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023, sun isa su tuna mana cewa taimakon wani ƙari ne a kan shirin da ƙasa ta yi wa kanta.

Ranku ya daɗe, hukumarku tana da ikon saka wannan sharaɗi a takardun izinin kamfanoni, da ikon bincikar ko an cika shi. Ina roƙon ku kira kamfanonin da hukumar ANSI mai kula da fasahar zamani ta gwamnati ku zauna, ku sa wa'adi, sannan ku riƙa fitar da sakamakon gwajin a bainar jama'a kowace shekara. Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Naku,
Wani ma'aikacin sadarwa,
Olelewa, jihar Damagaram.