Ƙananan Kifaye: A Ci Ne, Ko A Ɗana Ƙugiya Da Su?

Duk malamin gonan da ya yi aiki a yankin Kafanchan ya san cewa da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, rafuka suka fara janyewa, yara da mata sukan shiga kududdufai da koma da kwanduna. Daga rafin Matsirga har zuwa gaɓar kogin Gurara, yawancin abin da ake samu a bakin ruwa ƙananan kifaye ne: 'yan karfasa, kawara, ƙurungu da 'ya'yan tarwaɗa. A da, tukunya suke nufa. Yanzu kuwa sun sami masu nema biyu: mai ɗana ƙugiya don kama babban kifi, da mai kiwon tarwaɗa da tsadar abinci ta dama.

A wani ƙauye kusa da Kafanchan na tarar da wani mai tafkin kiwo yana sayen kwano guda na irin waɗannan kifaye a hannun yara, ya watsa wa tarwaɗarsa ɗanye. Wasu daga cikin yaran kuwa, da ganinsu ka san su ne suka fi bukatar kifin. Ra'ayina shi ne, ƙaramin kifin da yake da kyau hakkin iyali ne. Ƙugiya da tafki suna da abin da zai wadace su ba tare da an taɓa rabon yara ba.

Dalili na farko: amfanin jiki

Babban kifi tsokarsa ake ci, a zubar da ƙaya. Ƙarami kuwa ana cinye shi dukkansa, da kai da ido da ƙashi. A cikin ƙashin ne sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori yake, ga kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da zinki, da bitamin A da B12. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 68 kuma suna da ƙarancin jini. Tun da cutar citta ta shekarar 2023 ta cinye gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, kuɗin cefane ya ragu a gidaje da yawa. Gidan da ba ya iya sayen nama bai kamata ya bayar da kifin da ya samu kyauta ba.

Duniya ma ta gane haka. A shekarar 2021 aka ba Dakta Shakuntala Thilsted lambar yabo ta abinci ta duniya saboda binciken da ta yi a Bangaladash da Kambodiya, wanda ya tabbatar da darajar ƙananan kifaye ga mata masu ciki da yara.

Dalili na biyu: lissafi

Masu ɗana ƙugiya suna cewa tarwaɗa ɗaya babba ta fi kwanon ƙananan kifi kuɗi. Gaskiya ne, idan an kama ta. Amma kowane masunci ya san cewa idan ya jera ƙugiyoyi ya kwana, yawancinsu wayam zai tarar da su da safe, ƙaguwa da sauran halittun ruwa sun cinye abin da ya sa. Hausawa na cewa ƙwai a baki ya fi kaza a akurki. Ko an dace ma, babban kifin kasuwa yake tafiya, kuma ba kullum kuɗinsa yake dawowa cikin kwanon yaro ba.

Ga mai tafki, lissafin ya fi muni. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne, shi ya sa sai an busar da kilo 4 zuwa 5 kafin a sami kilo 1 na garin kifi. Wato mai ciyar da tarwaɗa da ɗanyen kifi yana zuba kifi mai yawa ne don ya sami kaɗan. Bayan haka, ɗanyen kifin rafi yana iya shigo da cututtuka cikin tafki, ragowarsa kuma ta ruɓe ta ɓata ruwa. Ban manta cewa abinci yana cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa ba. Matsalar gaskiya ce, amma wannan ba maganinta ba ne.

Dalili na uku: kifin baɗi

Ba kowane ƙaramin kifi ne ƙarami a jinsinsa ba. Wani ɗan tarwaɗa ne, ko ɗan ragon ruwa, ko ɗan giwan ruwa, wanda bai kai ga yin ƙwai ba. Idan aka mai da shi haja, za a riƙa kwashe shi da gidan sauro, a zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa don a cika kwano. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Manomin da ya cinye iri, me zai shuka da damina?

Inda nake yarda da masu ɗaya ra'ayin

Akwai kifin da ya dace da ƙugiya ko tafki. Na ɗaya, wanda ya kwana ya fara sauyawa, da hanji da sauran abin da aka cire wajen gyara. A dafa shi kafin a ba kifin tafki. Na biyu, karfasa tana fara haihuwa tun tana 'yar wata kaɗan, har ta cika tafki ta tsumbure. Sanya tarwaɗa kaɗan su rage 'ya'yanta dabara ce mai kyau. Na uku, giwan ruwa ya fi son kifi mai rai, don haka mai neman sa ya ɗauki 'yan ƙwarori kaɗan, ba kwano ba.

Shawara ga malaman gona da manoma

1. A ware kamu gida uku tun a bakin ruwa: 'ya'yan manyan kifaye masu rai a mayar da su, masu kyau a kai gida, waɗanda suka lalace a bar wa ƙugiya.

2. A ɗana ƙugiya da tana, gara, tsutsa, hanjin kaza ko ƙuli-ƙuli. Da rani ana iya kiwon tana a ramin da aka zuba taki da ruɓaɓɓen ganye a inuwa, ana yayyafa masa ruwa.

3. Mai tafki ya haɗa abinci da gasasshen waken soya, ƙuli-ƙuli, dusa, dafaffen jinin mahauta da tsutsar kashin kaji. Ya nemi ƙa'idar haɗin wajen malamin gona. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni.

4. A wanke kifin gida, a yi bandarsa ko a shanya shi a kan gado mai tsayi, ba a ƙasa ba. Kada a fesa masa maganin ƙwari don ajiya.

5. A daka busasshen kifin ya yi laushi, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya a faten acca, kunu ko miyar yaron da ya wuce wata shida.

Kammalawa

Malamin gona ba shi da ikon hana kowa sayar da abin da ya kama. Amma idan ya zauna da ƙungiyoyin mata, da masunta, da masu tafki, ya yi musu wannan lissafi a fili, da yawa za su sake tunani. Ranin bana, kafin kududdufai su ƙafe, shi ne lokacin da ya dace a fara wannan magana a kowane ƙauye.