Sulken Saul Ba Naka Ba Ne

'Yan'uwa manoma cikin Kristi, ga shi kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, Kirsimeti kuma yana bakin ƙofa. A ganina yanzu ne mai bi ya fi bukatar ƙarfin hali, fiye ma da lokacin fari. Gama fari ba ya ba mutum kunya, kowa yana cikinsa. Amma ranar biki, idan maƙwabci ya yanka sa, kai kuwa zakara kaɗai gare ka, nan ne zuciya takan fara rawa.

Ku duba 1 Sama'ila sura 17. Da Dauda zai fita ya kara da Goliyat, sarki Saul ya sa masa kayan yaƙinsa, da kwalkwali da sulke da takobi. Dauda ya gwada tafiya da su, ya ga bai saba ba, sai ya tuɓe. Ya ɗauki sandansa da majajjawa, ya zaɓi duwatsu biyar a rafi. Mukan yabe shi domin ya tsaya gaban ƙaton nan, amma ni ina ganin tuɓe kayan sarki a gaban sarki ma ba ƙaramin abu ba ne. Ya yarda a gan shi yadda Allah ya yi shi, makiyayi.

Da yawa cikinmu muna yawo da sulken Saul. Ɗiya za ta yi aure, sai a ce dole a yi anko, a ɗauko makaɗa, a ciyar da gari guda, don kada a raina gidan. Ina kuɗin zai fito? Daga rumbu. Ai kun san a Nuwamba da Disamba ne hatsi ya fi araha, domin kowa yana kaiwa kasuwa a lokaci ɗaya. 'Yan kasuwa su saya su ajiye. Yuli da Agusta na zuwa, sai mai gonar ya koma yana awon masarar nan mudu mudu da tsada. Lokacin kuwa shi ne na noma da sa taki. Ba abinci a gida, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa ciyawa ta cinye. Kaka ta sake zuwa, amfani ya ragu, rancen ƙungiya bai biya ba, ɗan'uwan da yake jiran nasa juyi kuma ya rasa. Bikin kwana biyu ya ci damina biyu.

Kada wani ya ce ina hana murna. Ubangijinmu da kansa ya je biki a Kana. Amma murnar da za ta bar yara da yunwa a tsakiyar damina, don idon mutane aka yi ta.

Mu shugabanni ma da namu laifin. Ranar godiya ta kaka mukan kira sunan mutum da abin da ya kawo da babbar murya, jama'a su tafa wa mai buhu, mai kwano ɗaya kuwa ya wuce shiru. Wa zai so a ji nasa kaɗan ne? Haka muke tura talaka ya ci bashi don ya yi baiko. Dattawa su sake karanta Matiyu sura 6, su ga ko wannan al'ada ta yi daidai da ita.

Sa'ad da Amaziya firist na Betel ya kori annabi Amos, Amos bai nemi ya mai da kansa babba ba. Ya faɗa a fili cewa aikinsa kiwo ne da lura da itatuwan ɓaure, daga bin garke kuma Ubangiji ya ɗauko shi (Amos 7). Manomi mai bi yana iya ce wa surukai, "Ga iyakar ƙarfina," ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Za a yi maganarsa, wannan tabbas ne. Mako biyu an manta.

Amma mutum ɗaya da wuya ya jure shi kaɗai, shi ya sa muke da ƙungiya. Kafin Kirsimeti kowane maigida ya zauna da uwargida su lissafta buhu nawa zai kai iyali har sabuwar kaka, da iri, da na biyan rance. Wannan a kai rumbun ƙungiya, magatakarda ya rubuta, kada a fitar sai damina. Abin da ya ragu a yi biki da shi. Idan gida goma a ƙauye suka yi haka shekara ɗaya, na sha ɗaya ba zai ji kunyar yanka zakaransa ba.