Kuskuren Tsarin Shari'a da Ke Farawa Daga Bakin Tafinta

A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Katsina ta rushe hukuncin jefewa da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal a shekarar 2002. Alƙalai huɗu cikin biyar suka amince da hakan. Daga dalilan da suka kafa akwai cewa alƙali ɗaya ne ya saurari shari'ar, alhali doka ta tanadi uku, kuma ba a ba ta damar janye iƙirarinta ba. Akwai kuma wata hujja da lauyoyinta suka gabatar wadda ta fi shafar masu nazarin Hausa: ba a fayyace mata ma'anar kalmar "zina" ba, kalmar da take da sharuɗɗanta a fiƙihu waɗanda ba su cikin maganar yau da kullum.

Sau da yawa idan aka rushe hukunci a kan irin wannan dalili, jama'a kan ce lauyoyi sun yi wayo, mai laifi ya kuɓuta ta ɓarauniyar hanya. Wannan fahimta ta gaza. Sashe na 36(6) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta idan bai ji harshen kotu ba. Tun a shari'ar Kajubo ta 1988 Kotun Ƙoli ta nuna cewa rashin karanta tuhuma da bayyana ta yadda ya kamata yana lalata shari'ar tun daga tushe.

Matsalar tana cikin kalmomin kansu. Turanci yana tambayar ko mutum ya amsa laifi, amma tafinta kan taƙaita ya ce, "Ka aikata ko ba ka aikata ba?" Manomin da ya sari wani yana kare kansa zai ce ya aikata, domin gaskiya ya faɗa, sai a rubuta cewa ya amsa laifi. Haka nan "na ji" a bakin Bahaushe, musamman gaban manya, ladabi ne kafin ya zama yarda. Abin ya fi muni a ofishin 'yan sanda, inda ake ɗaukar jawabi da Hausa a rubuta shi da Turanci. Shi ya sa kotuna suka tsaya a kan cewa dole a kira wanda ya yi tafintar ya ba da shaida, in ba haka ba jawabin ya zama ji-ta-ji-ta.

Ɗaukaka ƙara tana gyara kuskuren, amma a makare. Wanda aka ba da umarnin sake shari'arsa yakan koma gidan yari bayan shekaru, shaidu sun watse, dangin wanda aka zalunta su ma sun koma jira.

A kotuna da dama, tafinta magatakarda ne ko wani ma'aikaci da aka yafito don kawai yana jin Hausa. Sassan Hausa na jami'o'i sun daɗe suna koyar da fassara, sai dai ƙarfinsu ya fi karkata ga adabi da aikin jarida. Tafintar kotu na buƙatar kwas nata, da daidaitattun kalmomin tuhuma da za a tsara tare da tsangayoyin lauya, da kuma nazarin rubutattun bayanan shari'o'in da aka rushe don a gano kalmar da ma'ana ta kauce a kanta.