Gyaran Falo Kafin Ruwa Ya Kankama A Oko-Oba

Da zarar watan Maris ya kama, hazo ya janye daga sararin Ikko, sai matan Hausawa na Oko-Oba da sauran unguwannin Agege su tashi haiƙan da sharar ƙurar hunturu. A kakkaɓe labule, a goge kabad, a sauko da tangaran da kwanukan jere a wanke. Turawan Ingila ma suna da irin wannan al'ada a bazararsu, tun zamanin da suke ɗumama ɗaki da kwal, hayaƙi ya baƙanta musu bango. Amma uwargidan da ke zaune a Agege, in ta tsaya ga ƙura kaɗai, to ta kori ƙaramin abokin gaba ne ta bar babban a ɗaka, watau danshi.

Fataucin goro da na shanu ya daɗe yana kawo mutanen Arewa Agege, balle bayan da hanyar dogo ta haɗa Ikko da Kano a 1912, kuma har yau babbar mahautar Oko-Oba tana ciyar da gidajensu masu yawa. Da suka zo, sun zo da tsarin ɗakinsu: kafet daga bango zuwa bango, labule mai kauri, kujeru manne da gini, taga kullum a rufe. A Kano wannan hikima ce, gama iska busasshiya ce, ƙura ake gudu. A Ikko kuwa ruwan da ake yi a shekara ya yi kusan ninki biyu na Kano, ya kan soma tun Maris ko Afrilu, ya tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sa'an nan ya dawo har Oktoba. Cikin waɗannan watanni danshin iska ya kan haura kashi 80 cikin 100. Ɗakin da aka shirya domin tare ƙura, a nan sai ya zama tukunyar da ke riƙe laima.

Kafet shi ne kan gaba wajen laifi. Daɓen siminti yana tsotso sanyi daga ƙasa, kafet ya shanye, ledar da aka shimfiɗa ƙarƙashinsa kuma ta hana wurin bushewa. Daga sama fes, amma in aka ɗaga gefe guda sai a tarar da funfuna ta yi baƙi. Wannan shi ne warin nan da baƙo ke ji da shigarsa, masu gida kuwa hancinsu ya saba. Ba maganar wari kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 inda ta nuna cewa zama cikin ɗaki mai danshi da funfuna yana da alaƙa da tari da asma. Yara kuwa, a kan kafet ɗin suke rarrafe, a kansa suke barci.

Abin da ya fi shi ne a naɗe babban kafet tun kafin ruwa ya kankama, a shanya shi rana guda cur, a ɗora shi bisa abu mai tudu sai Nuwamba. Ba abin kunya ba ne, ko da yake akwai masu ganin falo ba kafet tamkar shaidar karayar arziki ce. A madadinsa a shimfiɗa tabarma mai kyau, a ɗora ƙaramar darduma a tsakiya, wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya kai rana duk sa'ad da gari ya washe. Waɗanda suka ga ruwan ranar Lahadi 10 ga Yuli, 2011, da ya mamaye unguwanni da yawa na Ikko, sun san bambancin darduma da jiƙaƙƙen kafet a lokacin da ruwa ya taɓa dokin ƙofa.

Kujeru da kabad a janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu, domin iska ta ratsa. Kujerar da ta yi yawa a fitar da ita. Ciki da falo na gidan haya ba fadar sarki ba ce. Tumtum da matasan fata, waɗanda a Sakkwato sai su shekara ba abin da ya taɓa su, a nan suna bukatar goga da rana a kai a kai. Labule mai nauyi a wanke a adana, a rataya na yadi marar kauri mai saurin bushewa, a gyara ragar sauro, sa'an nan a riƙa buɗe taga da ƙofa tare da hantsi.

To, wani zai ce ɗakin ya zama fayau. Ai ba yawan kaya ke sa baƙo ya miƙe ƙafa ya ƙi tashi ba. Shimfiɗa mai tsabta, matashi biyu ko uku na jingina, buta da dardumar salla a kusurwa, fitila mai laushin haske maimakon farin ƙwan da ke kashe ido, da turaren wuta na Barno bayan magariba, sun isa. Sai dai turare ba ya kashe funfuna, rufe warinta kawai yake yi, shi ma na ɗan lokaci.

Akwai kuma abin da ya wuce ado. Kaskon garwashi ba a barinsa cikin rufaffen ɗaki a kwanta. Haka janareta: in ruwa ya sauko wasu su kan jawo shi cikin lungun gida ko bakin taga don kada ya jiƙe, alhali kuwa iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, ta kuwa sha hallaka iyali sukutum cikin barci a ƙasar nan. A yi masa rumfa a waje, nesa da taga.

Game da fenti, ɗan haya ya duba bangon tukuna. In ya ga ya kumbura ko yana ɓarewa daga ƙasa, ruwa ne ke hawa ta cikin ginin, kuma sabon fenti ba zai kai Agusta ba. Wannan magana ce tsakaninsa da mai gidan haya, gara kuwa a yi ta a Maris, tun magini yana iya aiki rana na dukan bango.