Nawa ne darajar fili a kudancin Jidda?

Tun 2022 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Saudiyya ta amince kamfanoni su rubuta darajar filayensu bisa farashin yau, maimakon kuɗin da suka saye su. Sharaɗin: ƙwararru biyu su kimanta, a ɗauki ƙimar da ta fi ƙanƙanta.

A Mahjar, kudancin Jidda, lissafin ba sauƙi. Rusau ɗin da aka fara a 2021 ya share unguwannin kusa kamar Gulail, inda Hausawa da dama suka zauna. Da wane ciniki za a auna filin da maƙwabtansa suka zama kufai? Nan ƙima takan koma hasashe, shi ya sa ƙa'idar IFRS 13 ta wajabta wa kamfani bayyana zaton da ya ɗora lissafinsa a kai.