Ƙaura ba ranar ɗaukar kaya take farawa ba

Ƴan uwa manoma, maza da mata, kowace shekara gidaje da dama suna tashi daga mazauninsu su koma wani wuri. Wasu gida ne ya yi masu kaɗan, samari sun yi aure, an raba tukunya. Wasu gona ce ta gaji, suka samu wata a tunga mai nisa. Wasu kuma birni suka nufa, Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai. Amma in ka duba, shirin da mafi yawanmu muke yi bai wuce neman amalanke da igiya ba. A ganinmu wannan ba shiri ba ne. Ƙaurar magidanci da damina ake fara tunaninta, da kaka a ƙulla ta, da dari a tashi.

Me ya sa muka ce da damina? Domin da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ƙasa ta bushe, hanya ta buɗe, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa ruwa bai taɓa kwana a wurin ba. Zuwa da kai ya fi aike: ka taka da ƙafarka a watan Agusta, kashegarin babban ruwa, ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwantawa. In ba ka samu haka ba, duba gindin katangun maƙwabta, shatar ruwa ba ta ɓoyuwa. Duba ƙasa, in laka ce mai tsattsagewa, tsohon tabki ne. Ka tambayi tsofaffin unguwa, su ne suka san hanyar da kwari yake bi tun ba a yanka filaye ba. Fili mai araha a bakin gulbi ko cikin korama, kuɗinsa daga baya ake biya.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. Ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan 1 a ƙasar nan, sama da 300 suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu ɗakunan ƙasa ne suka rufta masu. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni ya faɗi a farkon Satumba. Iyalai suka cika azuzuwan makaranta, har aka ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Waɗannan bayin Allah ba su zaɓi ranar tashinsu ba, ruwa ya zaɓa masu. Wanda ɗakinsa ya tsage bana, ko ya ga ruwa ya shigo masa har tsakar gida, kada ya ce sai baɗi ya gani. Yanzu da damma suke cikin rumbu, tubali yake bushewa cikin ƴan kwanaki, yanzu ne lokacinsa.

Kafin tabarma ko ɗaya ta shiga sabon gida, a san inda ruwan sha yake, a kuma gina salga. Mun sha ganin an gama ɗaki, an kafa darni, an ce salga sai an zauna. Wata shida ana zaune, yara suna zagayawa bayan gida, ƙudaje suna kai da kawowa tsakanin can da akushi, sai gudawa ta sauka. Salga ta yi nisan mita 30 da rijiya, kuma ta kasance ta gangare, ba ta tudu ba. Batun ruwa kuwa, a shawarci uwargida. Maigida yakan ce rijiya ba nisa, domin ba kansa tulu yake hawa ba.

Akwai kaya marasa nauyi da suka fi gado da langa daraja, su ne kuma suka fi ɓata ranar tashi. Takardun haihuwa, karnen lamba na yara, karnen awon ciki, takardar gona: a haɗa su cikin leda, a sa a jaka guda, uwargida ko maigida ya rataya a jikinsa, kada a jefa cikin buhun tsummoki. Malamin asibitin sabon gari bai san yaronka ba. Karne ne zai gaya masa ko an yi masa allurar ƙyanda ta wata 9, da abin da ya rage. Mai shan maganin tarin fuka ya kula ƙwarai: maganin nan wata 6 ake shan sa ba fashi, in aka yanke a tsakiya ciwon yana dawowa, wani lokaci ya ƙi jin magani. Ya je gidan likitan da yake karɓa tun da sauran kwanaki, a rubuta masa takardar da zai kai can. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga, su tafi da guzurin maganinsu. Mace mai tsohon ciki kuma ta san ungozoma da gidan haihuwa mafi kusa tun ba ta sauka ba.

Sai gonar da za a bari a baya. A nan ne zumunci yake yawan lalacewa. Ka ba ɗan uwanka aro da baki, shekara goma ta wuce, shaidu sun mutu, ƴaƴansa sun ce gado ce. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. Aro ne, haya ce ko jingina, a je gaban maigari da kofo a rubuta. Wasu suna jin kunyar neman takarda wurin ɗan uwa. Kunyar yini ɗaya ce, shari'ar gona kuwa har jikoki take kaiwa.

Iri kuma a ware shi daban, a ɗaure, a yi masa alama, kada a daka shi a makon sauka da hidima ta yi yawa. A tambayi manoman wurin ko ƙasarsu jigawa ce ko geza, da irin hatsin da yake karɓar ta. Wake ya shiga buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure baki tamau. Maganin ƙwari da ƙwayar hayaƙin rumbu ba su tafiya tare da abinci, ba su kwana ɗakin da mutane suke kwana, ko da dare ɗaya ne. Kaji da awaki a yi masu allura kafin tafiya, in an sauka a tsare su mako biyu ba su cuɗanya da na maƙwabta ba, domin lokacin dari ne annobar kaji take share gari.

Daren farko a ɗaura gidan sauro, ko da sauran kaya suna zube a tsakar gida. Tsohon gida ma yana da hakki: a cike ramin salga, a rufe bakin rijiya da itace mai ƙwari, a tuɗe bangon da ya karkata, domin kango filin wasan yaran unguwa ne.