Mai na tsada, filtir na arha: wa muke yaudara a Damagaram?



Hazo ya sauka, gari ya yi fari fat daga Birni har Garin Malam. Mu mukan ja rawani mu rufe hanci. Mota kuwa ba ta da rawani sai filtir ɗin iska, kuma a nan ne muka fi yi mata rowa.

Injin da ke shan esansi, kafin ya ƙone lita 1 sai ya zuƙi iska wajen lita 10.000. To ku ƙiyasta abin da Hiace ke shaƙa daga Zinder zuwa Tanut ko Gure a watan Janairu. Ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, ta haɗu da rairayinmu, in ta wuce filtir sai ta cakuɗe da baƙin mai ta zama kamar sabulun dutse, tana cin zoben fistan da bangon silinda a hankali. Ranar da mota ta fara shuɗin hayaƙi tana shan mai, sai mu ce tsufa ne, ko kuma an yi mana baki.

Amma me muke yi in an je bidanji? Mutum ya sayi galan ɗin mai na ƙwarai, har yana nuna wa mutane tambarin, in an zo kan filtir sai ya ce wa yaron garaji: "Je ka kawo na daidai talaka." Wani ma cewa yake a bar tsohon, ai bai huje ba. Mai sabo ya bi ta cikin dattin wancan zagayen, shi ke nan wai an yi bidanji!

Ku sa a yanka muku filtir ɗin mai guda biyu, na ƙwarai da jabu, ku gani da idonku. A na ƙwarai akwai takarda mai ninki da yawa, akwai wata ƴar roba da ke hana mai zurarewa in mota ta kwana, akwai kuma ƙofar da ke buɗewa in takardar ta toshe don kada inji ya rasa mai. A jabun, takardar ƴar kaɗan ce, robar ta ƙage ko babu ita sam. Ƙarar nan da kuke ji na ƴan daƙiƙu in an tada mota da asuba, sau da yawa ƙarfe ne ke gugar ƙarfe kafin mai ya iso. Fentin waje kuwa iri ɗaya, kwali iri ɗaya.

Sai babbar al'adarmu: a kai filtir ɗin iska wajen mai faci ya hure shi da injin iska. Ya fito tas, kowa ya ji daɗi. Alhali ƙarfin iskar yana yaga ramukan takardar, ƙurar da a da take tsayawa yanzu ta sami hanya. Wallahi gara mai ɗan datti da wanda aka yaga. Na takarda kuma ba a wanke shi da ruwa ko esansi.

Za a ce kuɗi ne babu. Mun sani, mu ma a garin nan muke cefane. Amma a auna ƴan jikkunan da ke tsakanin na ƙwarai da jabu da kuɗin sauke inji, da kwanakin da ɗan taksi zai yi zaune ba ko dala. Abin takaici, tun 2011 muke da matatar SORAZ a kan hanyar Tanut, muna alfahari da manmu, amma motocin da ke shan sa filtir ya kashe su.

Ƴan kasuwa, na Kasuwar Dole da masu sarowa daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ba mu ce kowa ne ba, amma ku ji tsoron Allah: in jabu ne ku faɗa, mai saye ya zaɓa da saninsa. Makanikai, ku daina cewa "zai shiga". Shiga daban, dacewa daban. Filtir ɗin iskan da bakinsa bai zauna daram ba, ta gefe ƙura ke wucewa.

Masu mota kuma, kowane filtir yana da lamba. Ku tafi da tsohon ko da lambar shasi da ke kan kartigiris. Ku canja na mai a kowane bidanji. Kilomitan da aka rubuta don titunan Faransa ba namu ba ne, masu ƙera motocin da kansu sun ce a rage tazarar inda ake da ƙura. Kafin hazon bana ya wuce, a buɗe akwatin filtir a ɗaga shi ga rana. In haske ba ya ratsawa, a sayo wani.